Karayar Muƙamuƙi a Kundin Asibiti

Duk wanda aka kai asibiti da karayar muƙamuƙi, aiki biyu ake yi a kansa. Na farko shi ne ɗorin da likita zai yi. Na biyu kuwa majiyyaci ba ya ganinsa, watau aikin akawun ɗakin ajiyar kundaye, wanda zai karanta abin da likita ya rubuta ya mai da shi lamba. Da lambobin nan ake ƙidayar cututtukan ƙasa, da su kuma ake biyan kuɗin inshora.

Tsarin ya samo tushe ne daga jerin dalilan mutuwa da wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya gabatar a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022, amma ƙasashe da dama ba su gama barin na 10 ba tukuna. A cikin na 10, karayar muƙamuƙin ƙasa ita ce S02.6, ta muƙamuƙin sama da ƙashin kunci S02.4, karyewar haƙori kuwa S02.5.

To, akawu bai ga rauni ba, takarda kurum ya gani. Ƙa'idar littafin ta ce idan likita bai faɗi ko karaya buɗaɗɗiya ce ko rufaffiya ba, sai a ɗauke ta a rufaffiya. Nan ne muƙamuƙi ya sha bamban da ƙashin hannu ko na ƙafa. Idan tsagar ta ratsa ta inda haƙora suke, ta riga ta haɗu da cikin baki ta wajen dasashi, yawu da ƙwayoyin cuta suna iya kaiwa ga ƙashin, ko da fatar fuska lafiya lau take. Buɗaɗɗiya ce ke nan. Likitan da ya rubuta "karayar muƙamuƙi" kawai ya aje alƙalami, ya sa an sauƙaƙa mummunan rauni a lissafi, kuma laifin ba na akawu ba ne.

Har ila yau, muƙamuƙin ƙasa lanƙwasasshe ne kamar baka, saboda haka sau da yawa yakan karye wuri biyu. Bugu a haɓa yakan karya gaɓar da ke gaban kunne. Wajibi ne a rubuta kowace tsaga da ɓangarenta, dama ko hagu, a kuma faɗi ko haƙoran sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai. Karayar muƙamuƙin sama ana bayyana ta ne da matakai uku da René Le Fort ya tsara a 1901.

Sai kuma dalilin raunin, wanda shi ma yake da tasa lamba: V20 zuwa V29 na mahayin babur ne. A asibitocin Nijeriya haɗarin hanya ne kan gaba wajen jawo wannan karaya. Idan ba a rubuta cewa babur ne ya ka da mutum ba, mai neman hujjar tilasta sa hular kwano ba zai same ta a kundi ba.