Fuskokin da Mutanen Moche Suka Bari a Yumɓu

A arewacin ƙasar Peru, inda hamada ta gangaro har bakin teku, ba a kuwa samun noma sai a kwarin kogunan da ke saukowa daga duwatsun Andes, an yi wata al'umma da masana tarihi ke kira Moche, wadda zamaninta ya kama daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 800 Miladiyya. Ba su bar littafi ko wasiƙa ba, domin Allah bai nufe su da ilmin rubutu ba, sai dai sun bar dubban butocin yumɓu a kaburburansu, waɗanda aka siffanta da surar mayaƙi, da masunci, da makaho, da mace mai naƙuda, har da mujiya da masara.

Maginansu a mazubi mai ɓari biyu suke danna yumɓu, su haɗe ɓarin, su shafe da farar ƙasa da ja, sa'an nan su gasa. A bisa butar akan ɗora wani bututu lanƙwasasshe wanda shi ne mariƙi, shi ne kuma baki, masana suka laƙaba masa sunan likkafa saboda kamanni, alhali kuwa mutanen nan ba su taɓa ganin doki ba, don sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka shigo da shi. Da siffar bakin nan ne wani masani, Rafael Larco Hoyle, wanda ya kafa gidan tarihinsa a 1926, ya kasa zamanin Moche kashi biyar.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne butocin da aka gina da surar kan mutum, domin duk wanda ya tsura musu ido zai tabbata cewa maginin ya san mai fuskar, ya san rawaninsa, da faɗin kumatunsa, da yadda yake ɗaure gira. Wani shehun malami na Amurka, Christopher Donnan, ya bi gidajen tarihi yana gwama hotunansu, har ya gane mutum guda mai tabo a leɓensa na sama a butoci fiye da 40: ga shi yaro ɗan wajen shekara 10, ga shi saurayi, ga shi magidanci da ya haura 30, tabon kuwa yana nan inda yake. Sunansa ya ɓace, harshen da aka kira shi da shi ma haka, amma da zai shigo kasuwa yau da an shaida shi. Waɗansu kuwa da aka fara gani cikin adon sarauta, sai aka sake ganin fuskokinsu tsirara, da igiya a wuya, ana shirin yanka su hadaya ga abin bautarsu.

Abin takaici, galibin butocin nan maɓarnata ne suka tono su da dare don sayarwa, ba a san kabarin da suka fito ba. An ga girman wannan hasara a 1987, sa'ad da wani masani, Walter Alva, ya buɗe wani kabari a Sipan wanda hannun ɓarawo bai taɓa ba, ya tarar da mamacin an binne shi da irin kambi da kayan ado na shugaban yankan hadaya da aka daɗe ana gani a zanen butoci, wanda da yawa suka ɗauka almara ce kawai.