Idan Ka Yi Shiru, Me Kwamfuta Za Ta Zaɓa Maka?

A wannan makon mun kawo muku bayani a kan wata manhaja mai suna Git, wadda masu rubuta manhajoji suke adana tarihin aikinsu da ita. Tana tuna kowane gyara da wanda ya yi shi, kuma ana iya komawa baya idan abu ya lalace. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux, shi ne ya fara ta a 2005. Yawanci rubuta mata umarni ake yi da kibod, ba danna hotuna ba.

Wani lokaci mutum yakan ba da umarni bai cika shi ba. Ya ce a tattara gyare-gyarensa, amma bai faɗi na wace folda ba. Dole manhajar ta zaɓa masa. Wannan shi muke kira zaɓin asali, kuma ana son ya zama iri ɗaya a duk umarnin da suka yi kama da juna.

A da ba haka Git take ba. Idan kana cikin wata ƙaramar folda ka rubuta "git commit -a", za ta adana gyare-gyaren aikin gaba ɗaya. Amma idan ka rubuta "git add -u" a wurin, na wannan foldar kaɗai za ta tattara. Sai mutum ya ɗauka ya haɗa komai, alhali ya bar rabi a baya, ya tura wa abokan aikinsa abin da bai cika ba. A Git 2.0, wadda ta fito a watan Mayu na 2014, an daidaita su: dukansu suna duba aikin gaba ɗaya. Mai son folda ɗaya kawai sai ya ƙara ɗigo a ƙarshen umarnin.

An kuma gyara "git push", umarnin tura aiki. A Git ana iya raba aiki rassa-rassa. Da, idan ka rubuta umarnin kawai, za ta tura duk rassan da sunansu ya dace da na can, har da waɗanda ba ka gama ba. Yanzu reshen da kake kai kawai take turawa.

Masu kula da Git ba su canza wannan dare ɗaya ba. Sun daɗe suna nuna gargaɗi a allo kafin canjin ya zo, domin hannun mutane ya riga ya saba da tsohon tsarin.

Shawararmu ga masu koyon kwamfuta ita ce, kafin ku danna kowane umarni, ku tambayi malami abin da yake yi idan ba a ƙara masa komai ba. Idan kuma kun fara Git, ku riƙa rubuta "git status" tukuna, za ta nuna muku abin da aka tattara da abin da aka bari.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare