Ƙwarangwal ɗin Motar da Ke Bayan Lambu a Idlès

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tamanrasset zuwa Djanet ta Hirafok ya san Idlès, garin lambuna a arewa maso gabashin duwatsun Ahaggar. A bayan wani lambu na garin akwai ƙarfen wata mota da rairayi ya binne rabinsa, babu inji, babu bodi, babu taya, awaki ne ke hawa kansa. Wasu samari uku 'ya'yanmu da ke koyon aikin gareji a Tamanrasset suka ce shi za su tayar, ya zama aikinsu na farko da hannunsu. Muka bi su domin mu gani.

Kafin a taɓa sufana sai da aka sha musu a kan ko motar mece ce. Wani dattijo mai lambu ya rantse cewa tana cikin motocin Citroën da suka fara ratsa Sahara. Labarin gaskiya ne: motoci 5 masu sarƙa a ƙafafun baya sun tashi daga Touggourt ranar 17 ga Disamba 1922, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. Har ɗalibai a Faransa sun ƙera kwafin ta gaban, mai suna Scarabée d'Or, aka nuna ta a 2019. Amma fa waɗannan motoci ba su bar ko guda a Idlès ba. Wani kuma ya ce ai ta ayarin Berliet ce da ya shiga Tenere a 1959, alhali kuwa waɗancan manyan motoci ne masu ƙafa shida, wannan ko ɗan yaro zai tsallake faɗinta.

Babban cikin samarin ya ce, "Baba, a yi mana haƙuri, bari mu tambayi ƙarfen da kansa." Abin da ya fi burge mu ke nan a wunin.

Da farko kasancewar akwai shasi daban ya fitar da Peugeot 404 da 504 na fasinja, irin waɗanda Turawa suka riƙa ratsa hamada da su a shekarun 1970 da 1980 su sayar a Arlit da Agadas, domin su bodinsu shi ne ƙashinsu. Saura Land Rover da Toyota. Suka tone rairayin, suka ƙirga kusoshin da ke riƙe taya: 5 ne. Tsohuwar Land Cruiser 6 gare ta. Ƙarfen shasin kuma rufaffe ne kamar akwati, an haɗa shi da walda tun daga gaba har baya, irin aikin Land Rover. Sannan suka ja mita daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya, ta ba su mita 2.77, wato inci 109, doguwar ke nan. Gajerar inci 88 ce. Batun bodi kuwa ba abin mamaki ba ne, domin na alminiyam ne, kuma mu da muka san maƙera mun san inda irinsa ke ƙarewa: cikin tukwane da ludaya.

Lamba ce ta ba su wahala. A irin waɗannan motoci ana buga ta a hannun dama ta gaba, a jikin ƙarfen da ke riƙe sifirin. Ɗayansu ya ɗauko injin gurza ƙarfe, 'yan'uwansa suka riƙe masa hannu, kuma sun yi daidai, don gurza ɗaya kan share lambar har abada. Da kananzir da burushin waya suka bi a hankali, suka goga alli, suka jira rana ta karkata hasken ya zo ta gefe. Sai ga alƙaluma 8 da harafi guda a ƙarshe. Wannan tsari na samfurin IIA ne, wanda aka ƙera a Solihull ta Ingila tsakanin 1961 da 1971. Binciken ya zama dole, domin kamfanin Santana na Linares a Sifen ya riƙa ƙera Land Rover tun 1958, yana kawowa Arewacin Afirka, kuma ba kowane kayan gyara ne ke shiga duka biyun ba. Mai son ƙarin bayani yana iya aika lambar gidan tarihin motoci na Gaydon, inda aka adana littattafan masana'antar, su gaya masa ranar da aka ƙera ta da ƙasar da aka aika ta.

Mutane kan ɗauka ƙarfe ba ya lalacewa a hamada. Daga waje haka ne. To amma rairayi ya cika cikin akwatin shasin, kuma duk sa'ad da kwari ya kawo ruwa sai ya riƙe laima ya ci ƙarfen ta ciki. Da suka bi shi da guduma, gaba na amsawa da ƙara mai kyau, ƙarfen da ya gitta a baya kuwa sai ya yi "buf", guduma ta shige. Akwai kuma tsagewa biyu kusa da mariƙin sifirin, aikin hanya mai gargada. Suka ɗora shi bisa duro 4, suka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, awon biyu suka zo kusan ɗaya. Da a karkace yake, da an haƙura, domin shasin da ya murɗe ba ya barin taya ta yi ƙarko.

Mu dai inda muka ja musu kunne shi ne takarda. Sun riga sun zuba abin da suka tara na watanni a ƙarfe da sandar walda kafin su tambayi na wane ne. Mota marar "carte grise" ba ta hawa kwalta, kuma injiniyan da ke duba motoci lambar shasi zai fara nema ya gwada da takarda. Ga ɗan Hausa, wanda ko a shingen hanya ba a rasa yi masa tambayar takardu, tuƙa motar da ba a san asalinta ba jawo wa kai magana ne. Kada kuma wani ya ba su shawarar sake buga lamba. Laifi ne babba.

Mai lambun ya tuna cewa wani direban 'yan yawon buɗe ido ne ya bar ta bayan injinta ya buga, ya ce zai dawo, Allah bai nufa ba. An ce magadansa suna In Salah. Samarin sun rubuta musu wasiƙa, dattijan unguwa biyu suka sa hannu. Kafin amsa ta zo sun wanke cikin shasin, sun yanke ruɓaɓɓen ƙarfen baya, sun shafa jan fenti mai hana tsatsa a ko'ina in ban da wurin lambar, wanda suka rufe da giris. Birki da sitiyari za su fara nema, inji sai daga baya.