Ilmin Tattalin Arziki Ba A Aji Kaɗai Ya Ke Ba

Galibin malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshi ba su rasa ɗa ko ƙane da ke karatun ilmin tattalin arziki a wata jami'a ta ƙasar nan. Su ne ke biyan kuɗin makaranta shekara huɗu, saboda haka ya kamata su san abin da yaro zai iya samu ban da zaman aji. Mun ga abubuwa uku da ke buɗe gare shi, watau bincike, da halartar taron masana, da yi wa jama'a aiki.

Mu fara da bincike. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi ya kan rubuta kundi a kan wata matsala da ya zaɓa. Abin baƙin ciki, waɗansu su kan kwafi na waɗanda suka gabace su, ko su biya a rubuta musu, su fito da takardar shaida alhali ba su san abin da ke tsada mudun gero ba.

Ga misalin abin da bincike na gaskiya ke haifarwa. A 1966 da 1967 Dokta David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello ya sa malamai suka riƙa bin manoma a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da aka yi a gona da amfanin da aka ɗebe. A zamanin nan ana yi wa manominmu kallon mai taurin kai, don ya kan haɗa gero da dawa da wake a gona guda. Da aka yi lissafi sai aka ga ashe haɗin nan ya fi shuka iri ɗaya riba a kowace eka, kuma in wani iri ya ƙi wani ya kan yi. Aka kuma gane babbar wahalarsa ita ce ƙarancin hannu lokacin noma da maimai, a watannin Yuni da Yuli. Haka nan Polly Hill ta zauna Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna yadda matalaucin manomi ke sayar da hatsinsa da kaka da araha, ya komo yana saye da tsada in damina ta faɗi.

Duk waɗannan da alƙalami da littafi da haƙuri aka yi su. To, me zai hana ɗalibi ya je kasuwar Dawanau ta Kano mako-mako ya rubuta farashin hatsi, ya gwada da alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa kowane wata? Ko ya nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, inda rahotannin ƙiyasin haraji na zamanin En'e su ke ajiye? Wahalar akawunan dā ba ta tafi a banza ba, jiran mai karantawa ta ke yi.

Na biyu shi ne taro. Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, ta kan yi babban taro shekara-shekara, sassan jami'o'i kuma suna da nasu ƙananan tarurruka. Nan ne ɗalibi zai ga yadda malami ke kawo hujja, wani ya tashi ya soke ta ba tare da faɗa ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya kare lissafinsa ba zai yi rawar jiki ran neman aiki ba.

Na uku shi ne aikin jama'a. Tun 1973, da Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin yi wa ƙasa hidima, wanda ya gama jami'a ya kan yi shekara guda yana wannan aiki, ana kuma keɓe masa rana ɗaya a mako don aikin raya unguwa. Amma ba sai ya jira wannan ba. Lokacin hutu yana iya gyara wa matan unguwa littafin adashinsu, ko ya koya wa ƙungiyar manoma rubuta shiga da fita. Su su ƙaru da lissafinsa, shi ya ƙaru da saninsu, da ma an ce da ɗan gari a kan ci gari.

Saboda haka muna roƙon iyaye da malamai, in yaro ya zo hutu kada tambaya ta tsaya kan sakamakon jarrabawa. A tambaye shi wace kasuwa ya shiga, wa ya taimaka. In ya nemi kuɗin mota zuwa ƙauye don bincike, a daure a ba shi. Allah ya sa abin da su ke koyo ya amfane mu baki ɗaya, amin.