Yoyon Mariƙin Fayil a Lokacin Ɗora Bayanai Gunduwa-Gunduwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata illa da kan sami manhajar da ke tura bayanai rumbunan ajiya na intanet, waɗanda ake yi wa laƙabi da gajimare, da kuma hanyar gano tushenta.

Alal misali, a ƙaddara an ɗauki hotunan tsofaffin takardu irin na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ana son adana su a rumbun Amazon S3. Babban fayil ba a cika tura shi tashi ɗaya ba. Tun 2010 rumbun ya ba da damar yanka shi gunduwa-gunduwa, har guda 10,000.

Duk sa'ad da manhaja ta buɗe fayil, ko ta ƙulla hanya da rumbun, tsarin Linux yakan ba ta wata lamba, watau mariƙi. Bisa al'ada ba ta riƙe fiye da 1024 a lokaci guda. Yoyo shi ne ta karɓa ba ta mayar ba. Galibi hakan na aukuwa ne idan layin sadarwa ya yanke, abin da ba baƙo ba ne ga mai aiki a Doka: sai manhaja ta sake gwada gunduwar da sabon mariƙi, ta mance da na farko a buɗe. Da sun cika, sai aiki ya tsaya da kuskure mai lamba 24, wato EMFILE.

A nan ne masu gyara kan ɓata lokaci, domin inda manhajar ta faɗi ba nan ta yi tuntuɓe ba. Abin yi shi ne a riƙa ƙidayar mariƙanta a jakar /proc, ana ɗorawa. In lafiya, adadin yakan hau ya sauko. In akwai yoyo, hawa kawai yake yi. Daga nan umarnin lsof zai nuna irinsu: ko fayil guda ne aka buɗe sau ɗari, ko hanyoyi ne da rumbun ya rufe, manhajar ba ta rufe ɓangarenta ba, masu alamar CLOSE_WAIT. Ya fi kyau a yanke layin da gangan a ga ko adadin zai ƙaru, don kuwa gwaji a kan layi mai kyau yakan ɓoye laifin.

Wasu kan ɗaga iyakar da umarnin ulimit su ce sun gama. Jinkiri kurum suka samu; manhajar za ta sake tsayawa, sai dai a gunduwa ta can gaba.