Yadda Aka Yi Jinyar Sojojin Nijeriya a Dajin Bama

Duk wanda ya san barikokin soja na ƙasar nan ya san sunaye irin su Dodan da Arakan da Myohaung a Ikko, da kuma Chindit a Zariya. Sunayen nan daga Bama suka samo asali, inda dubban samarin Nijeriya, da yawansu Hausawa, suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. An sha ba da labarin jaruntakarsu, amma ba kasafai a kan ji yadda aka yi da wanda harsashi ya kayar ko zazzaɓi ya kwantar a tsakiyar kurmi ba.

Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya cikin 1943, sa'an nan ta kutsa kwarin kogin Kaladan. Ta 82 kuwa ta biyo baya cikin 1944. Ƙasa ce mai duwatsu da duhuwa da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ba kuma hanyar mota. Babban abokin gaba a can shi ne ciwo. Janar William Slim, shugaban Runduna ta 14 wadda sojojin Afirka ta Yamma su ke ƙarƙashinta, ya bayyana cewa cikin 1943, in an janye mutum ɗaya daga fagen fama saboda rauni, to, an janye 120 saboda rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne a gaba, sa'an nan atuni da gyambo da wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke kawowa.

Abin da ya ƙara dagula al'amari shi ne Japanawa sun kame tsibirin Jaba tun cikin 1942, alhali daga can ne duniya ke samun mafi yawan kwinin. Dole aka koma ga wata ƙwaya mai suna mefakirin, wadda soja zai haɗiya kullum. Ƙwayar kan mai da jiki rawaya, aka kuma baza jita-jita cewa tana kashe mazakuta, saboda haka mutane da yawa suka riƙa zubar da ita a ɓoye. Slim ya ɗora alhakin a wuyan hafsoshi. A kan yi wa bataliya gwaji ba zato ba tsammani, in aka tarar waɗanda ke shan maganin ba su kai 95 cikin ɗari ba, sai a tuɓe kwamandanta. Uku kawai ya tuɓe, sauran suka shiga taitayinsu.

Har ila yau aka kafa asibitocin tanti na masu zazzaɓi kusa da bakin daga. Da can in an kai majiyyaci Indiya ya kan yi wata biyar bai komo ba. Da wannan dabara sai ya koma bakin aiki cikin mako uku. Cikin 1943 fiye da mutum 12 cikin 1,000 ke kwantawa kowace rana, amma cikin 1945 adadin ya sauko zuwa mutum ɗaya tak.

Game da masu rauni kuwa, aikin ya kan fara ne daga dirisa, wanda zai tsai da jini, ya ɗaure raunin, ya yi allurar kashe zafi. Daga nan 'yan dako na rundunar su ɗauke shi a gadon zane, su hau dutse su gangara, wani lokaci tafiyar kwanaki. Da ya ke Runduna ta 81 daga sama a ke jefo mata guzuri, sojojin sun riƙa sare daji da adda suna share ƙananan filaye inda ɗan ƙaramin jirgi zai sauka ya ɗauki majiyyaci ɗaya ko biyu. A Bama ɗin ne kuma, cikin watan Afrilu 1944, aka fara ceton masu rauni daga bayan abokan gaba da jirgi mai saukar ungulu.

Masu jinyar kansu ba su tsira ba. Cikin watan Fabrairu 1944 Japanawa suka auka wa wani asibitin soja a Arakan da dare, suka kashe likitoci da majiyyata. Cikin watan Maris kuma suka yi wa wani ayarin ma'aikatan asibiti kwanton ɓauna a gaɓar Kaladan. Cikinsu akwai Isaac Fadoyebo, wani saurayi daga ƙasar Owo, wanda aka harbe a ƙafa aka bar shi a kan ya mutu. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi a gidansa tare da wani soja ɗan Saliyo, ya ciyar da su, alhali ya san in Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun halaka. Sai da suka yi wata tara kafin sojojin Ingila su same su. Fadoyebo ya komo gida da ɗingishi, ya rayu har 2012, ya kuma bar labarinsa a rubuce.

Darasin Bama bai tsufa ba. Rundunar da ba ta kula da gidan sauro da ruwan sha da gaggauta kai mai rauni gaban likita ba, tana iya ƙarewa tun ba ta yi arba da abokan gaba ba.