Sunayen Itatuwa na Hausa a Taskokin Tsirrai na Landan

Taskar busassun tsirrai ta lambun Kew da ke Landan tana ɗauke da samfuri kimanin miliyan 7, Gidan Tarihin Halittu na birnin kuwa yana da abubuwa kusan miliyan 80. A da, sai wanda ya ƙetare teku ke iya duba su. Yanzu ana ɗora su a intanet, kuma wannan aiki ya shafi masu nazarin harshen Hausa ta wata fuska da ya kamata a yi la'akari da ita.

Aikin yana bin matakai uku. Da farko a liƙa wa kowace takarda lambar shaida, sa'an nan a ɗauki hotonta, daga bisani a kwafe bayanin da mai tsinko tsiron ya rubuta a jikinta, wato wuri da rana da sunan tsiro. Abin da aka kwafe shi ake aika wa manyan rumbuna irin su GBIF, wanda aka kafa a 2001, inda kowa ke bincike kyauta. To, kwamfuta ba ta gano kalmar da ke cikin hoto sai an kwafe ta. Ke nan, duk sunan gargajiya da aka tsallake ya ɓace wa mai bincike.

Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara tsirrai da sunayensu daga bakin mutanen ƙasa, ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Darajar irin waɗannan sunaye a fili take. Gawo, wanda masana suka daɗe suna kira Acacia albida, ya koma Faidherbia albida; kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum parkii zuwa Vitellaria paradoxa. Amma manomi bai sauya musu suna ba. Sau da yawa, sunan Hausa shi ne igiyar da ke haɗa tsohon rubutu da sabo.

Sai dai akwai cikas. An rubuta tsofaffin takardun nan tun kafin a daidaita ƙa'idojin rubutun boko, don haka wanda bai san harshen ba zai kwafi ƙirya ko ɗorawa ba tare da lanƙwasa ba, ko ya kasa karanta su sam. Bugu da ƙari, tsiro ɗaya kan sami suna daban a Sakkwato da Kano da Damagaram.

Saboda haka, ya wajaba sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su shiga wannan aiki tare da masana tsirrai, su tantance sunayen, su daidaita rubutunsu, su nuna karin harshen da kowane ya fito, tun dattawan da suka san itatuwan suna raye.